Bjørn Ibsen: Likitan sa barci da ya kafa sashen kulawa ta musamman na farko

Idan huhun majinyaci ya gaza a yau, likitoci kan zura masa bututu ta maƙogwaro, su haɗa shi da na'urar taimaka wa numfashi, sannan su riƙa ba shi maganin kashe zafi da na kwantar da jiki ta jijiya. Na'urar da maganin tafiya ɗaya suke yi, domin jikin ɗan Adam ba ya karɓar bututu a maƙoshi cikin daɗin rai. Yakan yi tari, ya shaƙe, ya yi kokawa da iskar da ake tura masa, har taimakon ya zama banza. Mutumin da tarihin likitanci ya fi danganta haɗuwar waɗannan abubuwa biyu da sunansa shi ne Bjørn Aage Ibsen, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya fito da ƙwarewar sa barci daga ɗakin tiyata ya kai ta bakin gadon masu jinya a lokacin annobar shan inna ta 1952.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Ibsen a birnin Kopenhagen ranar 30 ga Agusta, 1915. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Kopenhagen a 1940, shekarar da sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsa. Shekarunsa na farko a bakin aiki ya yi su ne yana koyon tiyata da wasu fannoni, har da zama a asibitocin lardi. A Denmak ta wancan zamani, sa majinyaci barci kafin a yi masa aiki ba fanni ne mai daraja ba. Ma'aikaciyar jinya ko ƙaramin likita ake miƙa wa kwalbar ita, likitan tiyata kuma ya riƙa ba da umarni daga inda yake tsaye.

A 1949 Ibsen ya tafi Amurka, ya yi shekara guda a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, inda aka fara nuna wa jama'a tiyata ƙarƙashin maganin ita a watan Oktoban 1846. Malaminsa a can shi ne Henry Beecher, wanda ya yi suna da nazarin raɗaɗin da sojoji masu rauni suke ji a Yaƙin Duniya na Biyu. A Boston Ibsen ya ga yadda likitan sa barci yake zama a kan majinyaci daga farkon aiki har ƙarshensa, yana lura da launin fata, da bugun zuciya, da hawan jini, yana kuma matsa jakar roba da hannu domin ya yi numfashi a madadin wanda magani ya tsayar wa nasa. Ya kuma ga tsarin da likitocin fannoni daban-daban suke zama wuri ɗaya su tattauna matsalar majinyaci guda, ƙarami ya faɗi ra'ayinsa a gaban babba.

Ya koma gida a 1950, ya ci gaba da sa barci a babban asibitin ƙasa na Rigshospitalet ba tare da kujera ta dindindin ba. A jirgin ruwan da ya kawo matarsa daga Amurka, ita ma ma'aikaciyar jinya ce, ta haɗu da wani likita mai suna Mogens Bjørneboe na asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Blegdam, ta ba shi labarin aikin mijinta. Wannan haɗuwa ta hanya ce ta sa Bjørneboe ya nemi Ibsen a farkon rabin shekarar 1952, lokacin da aka kawo wani jariri mai cutar tetanus, wadda ke sandarar da tsoka ta sarƙe haƙora. Ibsen ya ba jaririn kurare, maganin da aka samo daga dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka, wanda ke saki tsoka baki ɗaya, sannan aka riƙa yi masa numfashi da hannu. Jijjigar ta lafa muddin ana yin haka. Da aka koma ga tsohuwar hanyar jinya, jaririn ya rasu, amma Bjørneboe bai manta da abin da ya gani ba.

Annobar 1952

A ƙarshen watan Yulin 1952 cutar shan inna ta afka wa Kopenhagen da ƙarfin da birnin bai taɓa gani ba. Asibitin Blegdam, ƙarƙashin Farfesa Henry Lassen, shi ne ke karɓar masu cutar, kuma a ganiyar annobar yakan karɓi majinyata har 50 a rana ɗaya. Kafin farkon Disamba an kwantar da mutum 2,722, sama da 300 daga cikinsu kuma cutar ta taɓa musu tsokar numfashi ko ta haɗiya.

Abin da duniya ta sani a lokacin shi ne huhun ƙarfe, wani dogon akwati da Philip Drinker da Louis Shaw suka ƙera a Harvard a 1928. Ana sa majinyaci a ciki, kansa a waje, injin ya riƙa zuƙe iskar akwatin domin ƙirji ya buɗe. Asibitin Blegdam yana da irin wannan guda ɗaya tak, da wasu ƙanana shida masu kama da sulke da ake ɗaurawa a ƙirji. Ko ga wanda ya samu, na'urar ba ta hana majina da yawu gangarawa cikin huhun wanda ya kasa haɗiya. A makonni uku na farko, cikin majinyata 31 da numfashinsu ya gaza, 27 sun mutu.

Likitocin asibitin sun ɗauka ƙwayar cutar ce ke cin ƙwaƙwalwa, don haka babu abin yi. Gwajin jini yana nuna yawan sinadarin kabon, su kuma suna fassara shi da cewa tsamin jini ya ragu saboda wani dalili da ba a gane ba. Da Bjørneboe ya matsa, Lassen ya yarda a gayyato Ibsen, duk da cewa a tsarin girma na asibitocin lokacin, neman shawarar mai sa barci abu ne mai nauyi ga babban farfesa.

Ibsen ya duba bayanan majinyata da huhun wasu daga cikin waɗanda suka rasu, ya ga lalacewar huhun ba ta kai ta kashe mutum ba. Zufa, da hawan jini, da sanyin fata da aka rubuta a takardunsu alamu ne da ya sani sarai daga ɗakin tiyata: haka majinyaci yake yi idan ba a fitar masa da iskar kabon dayoksaid yadda ya kamata ba. Ya riga ya karanta rahoton da Albert Bower da Ray Bennett suka fitar daga Los Angeles a 1950, wanda ya nuna huhun ƙarfe yakan kasa fitar da wannan iska. Hukuncinsa shi ne mutanen suna mutuwa ne saboda ƙarancin numfashi, kuma iskar oksijin da ake ba su tana ɓoye matsalar, domin takan gyara launin fata alhali gurɓatacciyar iska tana taruwa a jini. Shawararsa ita ce a huda maƙogwaro, a sa bututu mai ɗan balan-balan da zai toshe hanyar majina, a riƙa tura iska cikin huhu kai tsaye.

Milligiram ɗari

Lassen ya ba shi dama ya gwada a kan majinyaciya ɗaya. Ranar 27 ga Agusta, 1952, aka zaɓi wata yarinya 'yar shekara 12 da cutar ta shanye wa gaɓoɓi, zazzaɓi ya rufe ta, leɓɓanta sun canza launi, tana haki cikin majinarta. Likitan kunne da maƙogwaro ya huda mata wuya bayan an kashe zafin wurin kawai, aka sa bututun, Ibsen ya kama jakar roba ya fara matsawa. Iska ta ƙi shiga. Tsoro da raɗaɗi sun sa yarinyar tana fizge-fizge, hanyoyin iskar huhunta sun tsuke, majina ta cika su, jikinta yana ƙara shuɗewa a gaban manyan likitocin da suka taru kallo.

A nan ne iliminsa na sa barci ya yi rana. Likitocin cututtuka masu yaɗuwa suna tsoron ba mai wahalar numfashi maganin barci, kuma suna da hujja, domin irin wannan magani yana danne ɗan numfashin da ya rage. Ibsen kuwa ya san cewa haɗarin yana ga wanda babu mai yi masa numfashi ne. Tunda bututu yana wuya, jaka tana hannu, ana iya barin numfashinta ya tsaya a karɓi aikin gaba ɗaya. Ya yi mata allurar tiyofental milligiram 100. Ta yi laƙwas, ta daina kokawa, wasu daga cikin masu kallo suka ɗauka ta cika, suka fara sulalewa daga ɗakin. Da tsokokinta suka saki, sai iska ta shiga, aka zuƙe majinar, huhu ya buɗe. Waɗanda suka dawo sun tarar launin jikinta ya dawo, zufa ta tsaya, hawan jini ya sauka.

Domin gani ya kori ji, Ibsen ya sa aka mayar da ita kan na'urar sulke yana auna iskar kabon da take fitarwa. Nan da nan ma'aunin ya hau, alamun suka dawo. Da aka koma ga jakar hannu, suka sake gushewa. Poul Astrup, shugaban ɗakin gwaje-gwajen asibitin, ya auna tsamin jinin majinyata kai tsaye, ya tabbatar da cewa jinin tsami ya yi, akasin fassarar farko. Daga wannan aiki ne, tare da kamfanin Radiometer, aka samo hanyar auna iskar jini da kowane sashen kulawa ta musamman ya dogara da ita a yau. Yarinyar ba ta sake numfashi da kanta yadda ya kamata ba, amma ta rayu har zuwa 1971.

Hannayen ɗalibai

Lassen ya karɓi sabuwar hanyar cikin 'yan kwanaki. Matsalar da ta rage ita ce babu injin da zai matsa jakar. Sai aka ɗebo ɗaliban likitanci, daga baya aka haɗa da na likitan haƙori, kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa na awa shida zuwa takwas, dare da rana. Akwai lokacin da majinyata kusan 70 suke numfashi da hannun wasu a lokaci guda. An ƙiyasta jimillar aikin da awa 165,000. Iskar da ake turawa rabi oksijin ce rabi naitrojin, tana bi ta cikin gwangwani mai sinadarin da ke tsotse kabon. Mace-mace a tsakanin masu gazawar numfashi suka faɗo daga kashi 87 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 40.

Yawancin waɗannan majinyata ba a barci suke ba. Huhunsu lafiyayye ne, tsoka ce ta shanye, kuma bututun da ke wuya ya fi wanda ke bi ta baki sauƙin jurewa. Bayan an wuce tashin hankalin farko, yara kan kwanta idonsu biyu, ɗalibi yana matsa jaka da hannu ɗaya yana riƙe da littafin da yake karanta musu da ɗayan. Ɗaliban sun koyi karanta motsin leɓe da ƙiftawar ido, majinyaci kuma yakan yi alama idan iskar ta yi masa kaɗan. Kasancewar mutum a kusa, wanda ba ya gusawa, ita ta yi aikin da daga baya aka ɗora wa magungunan kwantar da hankali.

Kafin annobar ta ƙare an fara gwada injuna a asibitin, har da wanda likita ɗan ƙasar Suwidin, Carl-Gunnar Engström, ya ƙera, kuma cikin 'yan shekaru injin ya maye gurbin hannu a asibitocin Turai. Rahoton farko da ya sanar da duniya abin da ya faru ya fito a mujallar Lancet a watan Janairun 1953 da sunan Lassen shi kaɗai. Bayanin Ibsen na kansa, wanda ya gabatar a Landan, an buga shi a 1954. Dangantakar mutanen biyu ta yi sanyi a kan batun wanda ya cancanci yabo, kuma Ibsen bai samu shugabancin sashen sa barci na Rigshospitalet da ya nema ba.

Sashe na farko

A 1953 ya koma Asibitin Birni na Kopenhagen, wato Kommunehospitalet, domin tsara aikin sa barci. An ba shi ɗakin da ake ajiye waɗanda aka yi wa tiyata har su farfaɗo. Tunaninsa shi ne abin da ya ceci mai shan inna zai ceci duk wanda numfashi ko zagayen jininsa ya gaza, ko mene ne sanadin. Ya ga kuma cewa warwatsa irin waɗannan majinyata a ɗakuna daban-daban asara ce, gara a tara su wuri ɗaya da ma'aikatan jinya na kansu, da likita a kusa ko da wane lokaci, da takardar da ake rubuta bugun zuciya da hawan jini da numfashi a kai a kai, kamar yadda ake yi a lokacin tiyata. A watan Disamban 1953 ɗakin ya karɓi majinyacinsa na farko da ba daga tiyata ya fito ba. Wannan ɗaki ne masana tarihin likitanci da dama suke ɗauka a matsayin sashen kulawa ta musamman na farko a duniya. A 1954 aka naɗa shi shugaban sashen sa barci na asibitin.

Majinyatan da suka biyo baya sun fi na shan inna wuyar sha'ani. Mai tetanus ba ya jure taɓawa ko ƙara, dole a saki tsokarsa da kurare na tsawon makonni, kuma zalunci ne a shanye jikin mutum a bar hankalinsa a farke. A 1954 Ibsen da Lassen da Bjørneboe da wani abokin aikinsu suka wallafa yadda suka yi jinyar tetanus da kurare, da sa barci, da numfashin bututu. Abin da aka yi amfani da shi wajen dogon barcin shi ne iskar naitros oksaid, wadda ake ganin ba ta da illa. A 1956 likitocin Blegdam suka ba da rahoton cewa shaƙar ta na kwanaki da yawa tana durƙusar da ɓargo, ƙwayoyin jini su ragu matuƙa, har wasu majinyata suka mutu. Sai bayan shekaru fiye da ashirin aka gano cewa iskar tana lalata aikin bitamin B12 ne. Zuma da zaƙi da harbi: maganin da ba ya cutarwa a tiyatar awa biyu yana iya kisa idan aka ja shi mako biyu.

Abin da ya biyo baya

Wannan darasi ya ci gaba da maimaita kansa da kowane sabon magani. Daga shekarun 1970 zuwa 1990 al'ada ta zama a nutsar da mai na'urar numfashi cikin barci mai nauyi da mofin ko fentanil, haɗe da midazolam ko furofofol. Daga baya aka lura cewa dogon barci yana tsawaita zama a kan na'ura, yana narkar da tsoka, yana jawo ruɗewar hankali da sambatu, wasu kuma su fita da mugayen mafarkai da ke bin su shekaru. A shekarar 2000 wani bincike a Shikago a kan majinyata 128 ya nuna cewa dakatar da maganin barci sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka ya rage zaman na'ura daga kwana 7.3 zuwa 4.9. A 2010 likitoci a birnin Odense na ƙasar Ibsen suka gwada barin majinyata a farke, ana ba su mofin kawai idan sun ji zafi, da mutum zaune kusa da wanda ya firgita, suka samu ƙarin kimanin kwana huɗu ba tare da na'ura ba. Babban gwajin da ya biyo baya a 2020, a kan majinyata kusan 700 a Denmak da Norwe da Suwidin, bai nuna bambancin mace-mace tsakanin rashin maganin barci da barci mara nauyi ba. Ƙa'idar da aka tsaya a kai yanzu ita ce a fara kashe zafi, sannan a ƙara maganin barci gwargwadon buƙata kawai, ana auna zurfinsa sau da yawa a rana.

Tambayar ta fi tsanani ga waɗanda ke kan huhun roba na wajen jiki, wanda aka sani da ECMO, inda ake fitar da jini ta babban bututu, a wanke shi daga kabon, a cika shi da oksijin, a mayar. Babban mutum na farko da ya tsira ta wannan hanya an yi jinyarsa a Kalifoniya a 1971. Robar bututun da tantanin na'urar suna tsotse magunguna masu son maiƙo irin su fentanil da midazolam da furofofol, don haka adadin da ya isa wani majinyaci ba ya isar wannan, mofin kuwa bai cika maƙalewa ba. Idan maganin ya yi kaɗan, majinyaci na iya fizge bututun da rayuwarsa ta rataya a kai. Idan ya yi yawa, sai ya kasa motsi da tari da zai taimaka wa huhunsa warkewa. A lokacin annobar korona ta 2020, asibitoci a ƙasashe da dama sun fuskanci ƙarancin waɗannan magunguna a daidai lokacin da ake kukan ƙarancin na'urori.

Cutar da ta fito da sunan Ibsen kuwa rigakafi ne ya karya lagonta. Allurar Jonas Salk ta fito a 1955, Denmak ta fara yi wa yaranta a shekarar. A Nijeriya an ga mai ɗauke da ƙwayar shan inna ta daji na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Ibsen ya ci gaba da jagorantar sashensa a Asibitin Birni, ya kai matsayin farfesa, kuma a 1975 ya wallafa tarihin shekaru 25 na aikinsa a Kopenhagen. A ƙarshen shekarun aikinsa ya karkata ga jinyar masu fama da ciwo mai daɗewa, waɗanda babu na'urar da ke auna abin da suke ji sai a zauna a saurare su. An rushe asibitin Blegdam a shekarun 1970, ginin tsangayar likitanci ta Jami'ar Kopenhagen ya hau filinsa. Bjørn Ibsen ya rasu ranar 7 ga Agusta, 2007, saura makonni uku ya cika shekara 92.